Yawon Sallah a Tarkwa Bay: wai wanda ya iya iyo a Tiga ya iya teku?

Ɗan Agege (Admin): Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Kamar yadda muka saba duk shekara, bana ma in Allah ya kai mu kwana uku da babbar Sallah za mu fita da yara da iyali. Bara Lekki muka je wajen birai, muka hau gadar nan mai lilo da ta sa wasu manya salati, to bana an kawo shawarar Tarkwa Bay, wani bakin teku a nan Legas. Ni dai ban taɓa zuwa ba, abin da na sani kawai babu hanyar mota sai an hau jirgin ruwa. Wanda ya san wurin ya yi mana bayani kafin mu fara karɓar kuɗi. Kuma don Allah ban da sitika.

Ɗan Tiga: Admin ka gama magana wlh, can ɗin za mu. Maganar ruwa kuma ku bar min, ni da na tashi a bakin dam ɗin Tiga tun ina shekara bakwai nake nutso, har gasa muke yi wa zai fi daɗewa a ƙasan ruwa. Duk yaron da ya shiga ina tsaye a kansa, ba abin da zai same shi da yardar Allah.

Bazazzagi: Bakano kenan, baki ya fi jiki. Kududdufin bayan gidanku da ake wankin babur shi ne ya koma Tiga?

Ɗan Tiga: Kai Bazazzagi yi mana shiru, kai da ko a bahon wanka sai an riƙe ka.

Maman Biyu: Ni fa tunda na ji an ce jirgin ruwa gabana yake faɗuwa. Kullum sai mun ji labarin kifewar kwale-kwale a Neja da Kebbi da Kwara, yanzu kuma mu kwashi yara da hannunmu mu kai su teku? Me ya hana a koma wajen biran, ai ba su cinye kowa ba bara.

Na Apapa: Hajiya tsoronki yana kan hanya, amma bari in raba miki abin gida biyu. Waɗancan haɗurran da kike ji yawanci lodi ne ya yi yawa, ga tafiyar dare, ga tsohon jirgin katako, ga ba mai rigar ruwa ko ɗaya. A nan Legas hukumar kula da hanyoyin ruwa, LASWA, ta hana a ɗauki fasinja ba laif jaket, kuma daga tashar jirgin ruwa ta CMS ko Falomo tafiyar ba ta wuce minti 15 zuwa 20. Abin da za ku lura da shi kawai, a samu jaket daidai jikin yara, don ta manya in ka sa wa yaro ya faɗa ruwa ta kansa za ta zame, kuma a ɗaure igiyarta ba a rataya ta kamar falmaran ba. Za ku bi ta hanyar da manyan jirage ke bi su shiga Apapa da Tin Can, in ɗaya ya wuce jirginku zai yi rawa, kar kowa ya miƙe tsaye. Ni jirgin bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne bayan an sauka, musamman da na ji maganar ɗan'uwana na Tiga.

Ɗan Tiga: To me na faɗa kuma yallaɓai? Ruwa ai ruwa ne.

Baba Bakabe: Ɗana, wagga magana taka ita tas sa na aje abin da nike yi. Ni cikin Argungu anka haife ni, ubana masunci, kakana masunci, gulbin Matan Fada na shige ta da gora da homa ya fi a ƙirga, in ana maganar ruwa ba a sa ni sahun baya. Shekarar da na fara zuwa Ikko yara sunka ɗauke ni munka tafi bakin teku can wajen Lekki, na dubi ruwan na ce wanga ai wasa ne, na tuɓe riga na shiga. Ruwa iya ƙirji fa, ban ko fara iyo ba, sai na ji yashi na gudu ƙarƙashin ƙafata kamar ana janye tabarma. Kafin in ce mi ne ne wanga, mutanen da na baro bakin gaɓa sun koma ƙanana. Na juya na fuskanci gaɓa na buga iyo iya ƙarfina, wallahi kamar mai tuƙa keke an ɗage tayar baya, ina ta yi ba na gaba. Hannu ya mutu, na sha ruwan gishiri har sau uku, na fara kalmar shahada. Wani masunci ne Allah ya kawo da kwale-kwale ya jefo mini igiya, bai jin Hausa ban jin yarensa, amma na gane faɗa yake yi mini. Tun rannan ban ƙara cewa na iya ruwa ba, sai dai in ce na iya gulbi.

Maman Biyu: Innalillahi. Kun ji ko? Baba da kansa.

Bazazzagi: Ɗan Tiga ina kake, ko data ta ƙare?

Ɗan Tiga: Ina nan. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma ni a ganina wannan ba ƙarfin ruwa ba ne, mutanen ɓoye ne. Kowa ya san tekun Legas akwai masu ita, shi ya sa ma ake cewa kar a je da jan kaya. Mutum kamar Baba ruwa iya ƙirji ya ja shi haka kawai? Ruwa ba ya tsami banza.

Autan Obalende: Yaya allon da nake hawan igiyar ruwa da shi a Tarkwa ja ne wur, shekara ta uku kenan, har yau ba wanda ya zo karɓa 😂

Na Apapa: Abin da ya ja Baba yana da suna kuma an san yadda yake aiki, masu safin, wato hawan igiyar ruwa da allo, irin su Auta suna ce masa rif. Ka ga igiyar ruwa tana ta turo ruwa bakin gaɓa ɗaya bayan ɗaya, to ruwan nan dole ya koma inda ya fito, ba zai taru a kan yashi ba. Sai ya nemi inda ƙasa ta yi kwari tsakanin tudun yashi biyu, ko gefen duwatsu, ya bi ta nan ya koma teku da gudu kamar kwata bayan an yi ruwan sama. Kogi ne ƙarami a cikin teku, amma maimakon ya bi gefe, ciki yake yi. Mai ƙarfi a cikinsu yana kai mita biyu da rabi a daƙiƙa ɗaya. Zakaran duniya a tseren iyo na mita 50 wajen daƙiƙa 21 yake yi, ku buga lissafi ku gani, ko shi ba zai ture shi ba balle ni da kai da muka ci tuwo muka ƙoshi.
Abin da ya fi yaudarar baƙo kuma, wurin da rif yake shi ne ya fi kama da wuri mai lafiya. Dama da hagu igiya na fashewa da farin kumfa, a tsakiya sai ka ga wani fili ruwan ya kwanta ya yi duhu, sai uba ya ce wa yara ku zo nan ya fi sauƙi. Nan ne bakin ramin. In ka tsaya a tudu ka duba da kyau za ka ga kumfa da leda da ƙasa-ƙasa suna tafiya ciki maimakon su fito.

Maman Biyu: To in ya kama mutum shi kenan sai dai addu'a?

Na Apapa: A'a Hajiya. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi, kuma yawanci ba shi da faɗi, in ya wuce inda igiya ke fashewa sai ƙarfinsa ya mutu. Abin da ke kashe mutane shi ne abin da Baba ya yi, a juya a yi kokawa da shi har ƙarfi ya ƙare. Ka kwanta rigingine ka bar ruwa ya ɗauke ka, ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka, in kana da ƙarfi ka yi iyo ta gefe, wato ka bi tsawon gaɓar ba ka fuskance ta ba, da ka fita daga kwararon sai igiya ta taimaka ta maido ka. Ruwan teku ma ya fi na kogi ɗaga mutum, kowace lita akwai gishiri wajen giram 35, cokalin cin abinci biyu kenan, shi ya sa kwanciya a kansa ta fi sauƙi. Sai dai faɗa a guruf daban, yi a cikin ruwa lokacin da hankali ya tashi daban.

Baba Bakabe: Gaskiya ka faɗi. Da na san hakanan a lokacin da ban sha gishiri ba. A gulbi in ruwa ya ja ka ai ka san inda zai kai ka, gaɓa na dama gaɓa na hagu, ka bi shi a karkace ka fita. Ashe dabarar ɗaya ce, tsoro ne ya rufe mini ido da na ga ba gaɓa a gabana sai sama da ruwa.

Autan Obalende: Mu fa da gangan muke shiga rif ɗin, shi ne lif ɗinmu, ka kwanta a kan allo ya kai ka ciki ba ka wahalar da hannu ba. Amma allon yana ɗaure a ƙafarka da igiya, ko ka faɗi yana nan. Kuma bari in kare Tarkwa kaɗan don naga ana neman a yi mata kuɗin goro. Ita ba kamar bakin tekun Lekki ba ce da ke kallon Atlantika kai tsaye, tana cikin lungu ne tsakanin katangun duwatsun da Turawa suka zuba, ruwan cikin lungun ya fi kwanciya nesa ba kusa ba, shi ya sa ake koyon iyo da safin a nan. Yaran wurin wasu ba su kai shekara goma ba amma in ka ga yadda suke tsayawa a kan igiya sai ka riƙe baki. Inda ba na so kowa ya je shi ne a tsallaka bayan katangar zuwa Lighthouse, wajen tsohuwar hasumiyar fitilar jirage. Wurin yana da kyau, ba hayaniya, yashi iya ganinka, amma can teku ce tsirararta. Sai kuma jikin duwatsun kansu, akwai santsi akwai kaifi kuma ruwa yana ja ta gefensu.

Na Apapa: Duwatsun nan ai su ne tarihin bakin tekun Legas gaba ɗaya. Tsakanin 1908 da 1912 aka yi aikinsu don yashi ya daina toshe wa jirage hanyar shiga. To yashi a gaɓar nan daga yamma yake tafiya gabas, da aka tare shi sai ya taru a ɓangaren Lighthouse, ɓangaren Bar Beach kuma teku ta yi ta cinsa shekara da shekaru har ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello, ƙarshe aka cike wurin aka yi sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Ɗan Agege (Admin): Allah sarki Bar Beach. Nan aka fara ɗora ni a kan doki ranar Sallah, na yi ta ihu mai dokin yana dariya, hoton yana nan a gidanmu. Yaran yanzu in ka ce musu kyauta ake shiga bakin teku a tsakiyar Victoria Island sai su ce tatsuniya ce.

Bazazzagi: Yanzu ko kallon teku sai ka biya kuɗin get, ka biya na kujera, ka biya na shigo da abincinka. Landmark ma da ake ji da ita an rushe ɓangaren bakin ruwan a 2024 saboda titin Legas zuwa Kalaba.

Autan Obalende: Tarkwa ma ai ta ga nata. Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna wurin, dubban mutane, hukuma ta ce saboda masu fasa bututun mai. Masu safin da yawa a nan aka haife su, rana ɗaya suka kwashi kaya a kwale-kwale.

Ɗan Agege (Admin): Toh a tsaya nan, kar mu faɗa siyasa, kun san dokar guruf. A dawo kan yara da ruwa.

Ɗan Nima: Salam 'yan'uwa, ni ina Akra amma ina bin ku. Mu ma nan bayan Sallah duk yaran Nima da Mamobi Labadi suke cikawa, kuma teku ɗaya ce da taku, halinta ɗaya. Abin da na lura, wanda ba ya iya ruwa sam ba shi ne yake shiga matsala ba, shi yana tsaye iya gwiwa yana ɗaukar hoto. Mai ɗan iyawa ne, saurayi, ga 'yan mata suna kallo, ga abokai suna zuga shi. Masuntan nan da aka haifa a kan teku ma ran Talata ba sa fita, suna ba ta girmanta, sai ɗan zango da ya koyi iyo a gota ya ce shi zai nuna mata.

Bazazzagi: Ɗan Tiga an kira sunanka ba a faɗa ba.

Ɗan Tiga: Ku yi ta yi. Ni abin da na sani in kwana ya ƙare ko a kan katifa kake sai ka tafi, in bai ƙare ba ko tsakiyar teku aka jefa ka za ka fito. Baba ba ga shi ya fito ba? Kuma ai wanda ruwa ya ci shahidi ne, ko ba haka ba Malam?

Malamin Islamiyya: Haka ne, ya tabbata a hadisi cewa wanda ya nutse yana cikin shahidai, amma ba a ce ka je ka nema ba. Wanda ya ce a yi tawakkali shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, kuma Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Baba ya fito ne ta sababi, igiya da kwale-kwale. Sannan kai da kanka ka ce za ka tsaya a kan yaran mutane, to wannan amana ce, in wani abu ya faru ba za ka ce wa uwar yaro kwana ne ya ƙare ka juya ba. Aljanu kuwa akwai su, ba mai musu, amma ba duk abin da ba mu gane ba ne za mu ɗora musu. Maganar jan kaya ban san mata asali a addini ba. Kuma don kar wani ya tambaya ranar, ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi.

Ɗan Tiga: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma dai na iya iyo.

Anti Nas: Ba wanda ya ce ba ka iya ba ƙanina. Ni ga abin da nake so iyaye su ji. Nutsewa ba kamar yadda ake nunawa a fim ba ce, ba ihu ba ɗaga hannu ana a taimake ni. Yaro shiru yake yi, bakinsa yana shiga ruwa yana fita, ba shi da iskar da zai yi kira, kuma cikin abin da bai kai minti ɗaya ba zai iya ɓacewa, kina nan kusa kina duba waya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2021 kaɗai mutum wajen 300,000 ruwa ya ci, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Kuma inda aka fi samun matsala shi ne taro irin namu, manya ashirin a zaune kowa yana zaton wani ne yake kallo. A raba yaran, kowane babba ya san nasa da suna, ƙanana kuma kar su wuce inda hannu zai kai.
In aka ga wani yana nutsewa don Allah kar a bi shi a guje, mai nutsewa ko uwarsa ce sai ya danne ta don ya samu iska, haka ake rasa mutum biyu uku a gida ɗaya. A jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, jarka mai murfi, kula, allo, igiya, a kira masu wurin. In an fito da shi ba ya numfashi a kwantar da shi a buɗe hanyar iska a fara hura masa a baki, sannan danna ƙirji 30 hurawa 2, a yi ta yi. Wannan al'adar ta danna ciki ko a juya mutum ƙafa sama wai a fitar da ruwa ɓata lokaci ce kuma tana sa amai ya shiga huhu. Ko ya farfaɗo yana cewa lafiyarsa ƙalau, in yana tari ko numfashi sama-sama sai asibiti. Lambar gaggawa a Legas 112 ko 767. Ku tuna kuma can ba motar asibiti da za ta zo, sai an sake hawa jirgi.

Maman Biyu: Anti Allah ya saka da alheri, na yi sikirinshot. To mu mata fa? Ni ban taɓa shiga ruwan da ya wuce bokiti ba, 'yan biyuna mata ne kuma ba na so su tashi kamar ni, amma ina za a kai su, kuma da wane kaya?

Anti Nas: Dogon hijabi da zani a cikin igiyar ruwa haɗari ne Hajiya, suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa, haka jallabiya da jins ga maza. Akwai kayan iyo na mata masu rufe jiki duka har kai, ana samu a kasuwa, ba sa shan ruwa. Amma koyo ba a teku ake fara shi ba, a nemi wurin wanka da mace ke koyarwa, in sun iya kwanciya a kan ruwa da riƙe numfashi sai a zo maganar teku.

Malamin Islamiyya: Koya wa yara iyo abu ne da magabata suka yi umarni da shi tare da harbi da hawan doki, ana jingina maganar ga Sayyidina Umar, kuma ba a ce maza kaɗai ruwa ke ci ba. In an kiyaye sutura da cakuɗa ban ga abin hanawa ba.

Baba Bakabe: Mu can ai ba a ɗauki wasan ruwa baƙon abu ba. Bikinmu na kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yin shi, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, kuma ba kamun kifi kaɗai ake yi ba, akwai Kabanci, tseren kwale-kwale, kamun agwagwar ruwa, nutso, kamun kifi da hannu. Amma duk taron nan ba mai taɓa ruwa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini an ba da alama. Kuma ka lura, masunci da ya fi kowa iyawa shi ma da gorarsa yake shiga. Ba a jin kunyar gora.

Autan Obalende: Baba ka ba ni amsar da nake ba abokaina in sun ce laif jaket ta ragwaye ce. Doguwar ninkaya a buɗaɗɗen ruwa ma yanzu wasa ne babba, tun 2008 ake yin ta kilomita 10 a Olamfik, safin ma ya shiga a na Tokyo. Nan Legas a 2024 wani kocin iyo, Akinrodoye Samuel, ya yi iyo tsawon gadar Third Mainland, kilomita 11.8, don wayar da kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma masu irin wannan ba haka kawai suke faɗawa ba, sai an duba lokacin ruwa, da jirgin rakiya a gefe, wasu har da balan-balan mai launi a ɗaure a ƙugu don masu jirgi su gan su. A Tarkwa ma abin da na fi tsoro ga mai iyo ba igiya ba ce, masu babur ɗin ruwa ne da ƙananan jirage, kai ɗaya a cikin ruwa ba a ganinsa sai an zo kansa.

Ɗan Tiga: Babur ɗin ruwan nan fa shi nake hari wlh.

Bazazzagi: Ɗan acaɓa ko a teku sai ya nemi babur.

Na Apapa: Akwai abin da ba a taɓo ba, lokaci. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana matsawa da kamar minti 50, wata ne ke jan ta. Cikar ta fi girma a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, mu kuwa kwana uku da layya muna dosar 13 ga wata kenan. Lokacin da take janyewa duk ruwan lagun, wato tafkin Legas, ta bakin hanyar jiragen nan yake fita, ja yana ƙaruwa. Sannan bana Sallar ta faɗo farkon damina, daga Yuni zuwa Satumba tekun nan ba ta da kirki, igiyar tana tasowa tun daga can kudancin Atlantika. Masu shekaru za su tuna Kuramo a Agustan 2012, ana gab da ƙaramar Sallah teku ta taso da dare ta kwashe rumfuna da mutane. Da da hali ni Disamba ko Janairu zan ce, lokacin ruwa ya kwanta. Kuma in aka kwana ana ruwan sama kar ku je, duk dattin kwatocin gari da robobi nan suke biyowa, yaro ya haɗiya ku kwana a asibiti da gudawa.

Autan Obalende: Robobin nan kam abin kunya ne, mukan tsince su da safe kafin mu shiga, washegari kamar ba a yi ba. An hana takeaway na fom tun Janairun 2024 amma har yau muna tsintarsu. Don Allah in kun zo ku taho da buhu, ƙashin rago da ledar fiya wata kowa ya koma da nasa. Kunkurun teku suna hawowa gaɓar Legas su yi ƙwai, leda a ruwa suna ɗauka abinci ce.

Maman Biyu: Ni dai in za a je, 'ya'yana iya gwiwa, kuma jaket ɗin ba za su cire ba ko a kan yashi. In an ga dama a yi min dariya.

Ɗan Agege (Admin): Ba mai dariya Hajiya. Ga yadda za a yi, wanda bai yarda ba ya yi magana kafin gobe da isha. Za mu je, jirgin safe, ƙarfe huɗu kowa yana bakin jeti don ba za mu yi dare a ruwa ba. In an kwana ana ruwa ko Na Apapa ya duba ya ce teku ba lafiya, an ɗaga sai Disamba, kuɗin kowa yana nan. Cikin lungun kawai, ba Lighthouse ba hawa duwatsu. Ba tubun taya. Anti Nas za ta raba yara ga manya, Auta zai nemo mana biyu daga cikin masu safin su tsaya mana a bakin ruwa mu biya su. Baba muna roƙon ka zo ko ba ka shiga ba.

Baba Bakabe: In Allah ya yarda ina zuwa, amma ni da kujera da rake.

Ɗan Tiga: To ni fa admin, an cire ni daga masu tsaro kenan?

Ɗan Agege (Admin): Kai ne mai riƙe jarka da igiya.

Autan Obalende: Yaya in ka zo da wuri zan ba ka aron jan allon, in ka tsaya a kansa daƙiƙa biyar kuɗin jirginka a wuyana.

Ɗan Tiga: Ka tanadi kuɗinka yaro. Akwai wani kala dai ko?

Bazazzagi: Admin a sa sunana, mutum ɗaya, ni zan ɗauki bidiyon.